Yadda Za Mu Kafa Manufar Da Za A Iya Aunawa Don Zumuntarmu Ta Waya

'Yan'uwa, tun daga ƙarshen watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa gwamnatin tarayya ta kulle Legas da Ogun da Abuja, jihohin Arewa da dama kuma suka hana taron jama'a har da na sujada, wayar hannu ta sami wurin zama a cikin rayuwar ikilisiya. Daga baya an sake buɗe majami'u, amma zaurukan WhatsApp suna nan daram. Yau da wuya a sami ikilisiyar cikin gari da ba ta da nata: na dattawa, na zumuntar mata, na matasa, na mawaƙa, na malaman makarantar Lahadi. Waɗansu ikilisiyoyi kuma suna watsa sujada kai tsaye ta Facebook.

Ga yawancinmu zauren nan ƙari ne a kan haɗuwar ranar Lahadi. Amma ga waɗansu shi ne igiyar da ta rage tsakaninsu da ikilisiyarsu: ɗalibar da ke karatu a wata jiha, sojan da aka tura bakin daga, saurayin da ya tafi neman kuɗi Legas ko Fatakwal, iyalin da rikici ya raba da ƙauyensu, tsohuwar da ciwon ƙafa ya hana ta fita. Idan zauren ya mutu, ko ya koma wurin zuba hotunan barka da asuba, su ne sukan fara ɓacewa. Sukan ɓace shiru, lambarsu kuwa tana nan a jeri, kowa yana tsammani suna tare da mu.

Saboda haka tambayar wannan koyarwa ita ce: ta yaya za mu sani ko zumuntarmu ta waya tana girma, ko kuwa lambobi ne kawai suke ƙaruwa? Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kima tana da amfaninta, sai dai mai raba hatsi ga iyalai ba ya dogara da ita. Muna bukatar mudu.

Bambancin fata da manufa

Idan kwamiti ya rubuta a rahoton farkon shekara cewa "muna so zumuntarmu ta ci gaba," fata ya yi. Fata ne mai kyau, amma a watan Disamba ba wanda zai iya cewa ya cika ko bai cika ba. Manufa kuwa tana faɗin abin da za a yi, nawa za a yi, wa zai yi, da ranar da za a duba.

Masana sun daɗe suna binciken wannan. A 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edwin Locke, ya nuna cewa mutanen da aka ba takamaiman aiki mai ɗan wuya sukan yi ƙoƙari fiye da waɗanda aka ce wa su yi iyakar ƙoƙarinsu kawai. Shi da abokin aikinsa Gary Latham sun ci gaba da binciken shekaru da yawa, suka kuma nuna sharuɗɗa biyu masu muhimmanci: mutum ya yarda da manufar a ransa, a kuma riƙa sanar da shi inda ya kai.

A watan Nuwamba na 1981 wani mai ba kamfanoni shawara, George Doran, ya tsara ƙa'idar da aka fi sani da suna SMART. Idan muka mayar da ita tambayoyi, biyar ne:

1. Mene ne takamaiman abin da muke so ya gyaru?
2. Da wane ma'auni za mu san ya gyaru?
3. Wane ne zai ɗauki nauyinsa, da sunansa?
4. Zai yiwu kuwa da abin da ke hannunmu?
5. Zuwa wace rana?

Mu lura da tambaya ta uku, domin ita aka fi tsallakewa. Aikin da aka ce "kwamiti zai yi" sau da yawa ba mai yin sa. A rubuta suna ɗaya a gaban kowace manufa.

Ƙidaya ta dace da aikin ikilisiya kuwa?

Akwai masu jin tsoron ƙidaya, suna tuna ƙidayar da Dawuda ya yi a 2 Sama'ila sura 24 da hukuncin da ya biyo baya. Tsoron yana da tushe: ƙidayar da ake yi domin fahariya ko gasa da ikilisiyar maƙwabta tana da haɗari. Amma Littafin Ayyukan Manzanni ya rubuta adadi a fili: wajen mutum 120 a sura ta 1, wajen 3,000 da suka ƙaru a sura ta 2, wajen maza 5,000 a sura ta 4. A sura ta 6 kuma, da jama'a suka yawaita, sai aka fara manta da waɗansu gwauraye a rabon abinci, har aka zaɓi mutum bakwai su kula da aikin. Ashe ƙaruwa kan zo da mantuwa idan ba a shirya mata ba. Makiyayin da ke cikin misalin Luka sura 15 ma ya gane tunkiya ɗaya ta ɓace ne domin ya san yana da ɗari. Irin ƙidayar da muke nufi ke nan: wadda take nuna mana wanda ba ya nan.

Mataki na farko: mu san inda muke

Ba a kafa manufa kafin a san adadin yau. Mu ɗauki mako huɗu muna ƙirgawa kawai, ba tare da canja kome ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta da biro sun isa. Magatakarda ko mai kula da zaure ya ja layi shida, domin mutum yakan hau matakai shida a cikin zumunta irin wannan:

1. Yana cikin zauren.
2. Saƙo yana isa wayarsa.
3. Yana buɗe saƙon, ko yana sauraronsa.
4. Yana amsawa, ko da sau ɗaya a wata.
5. Yana yin wani abu a zahiri saboda abin da ya gani: ya zo taro, ya ziyarci mara lafiya, ya ba da gudummawa.
6. Yana ɗaukar nauyin wani aiki.

WhatsApp da kansa yana taimaka mana da matakai uku na farko. Adadin mutane yana rubuce a bayanin zauren. Wanda ya tura saƙo kuma, idan ya danna saƙon ya riƙe, ya shiga wurin bayani, zai ga sunayen waɗanda saƙon ya isa wayarsu da waɗanda suka buɗe. Idan saƙon murya ne, zai ga waɗanda suka saurara. A cikin zaure wannan bayani yana fitowa ko da mutum ya kashe alamar karantawa a wayarsa. Sai dai wanda ya tura saƙon ne kaɗai yake iya gani, don haka ya fi kyau mutum ɗaya ya riƙa tura babban saƙon mako, ya kuma duba a lokaci guda, misali bayan kwana biyu.

Mataki na huɗu da hannu ake ƙirga shi. Na biyar da na shida kuma sai an tambayi shugabannin ƙungiyoyi, domin waya ba ta san su ba. Su ne kuwa suka fi muhimmanci.

Auna ƙaruwa

Adadin mutanen da ke cikin zaure shi kaɗai ba ya faɗin kome sai an gwada shi da wani abu. Zauren mutum 80 a zumuntar da rajistarta ke da mutum 100 ya kama kusan kowa. Zauren mutum 300 a ikilisiya mai mutum 1,500 ya bar mutum huɗu cikin kowane biyar a waje. Saboda haka a ajiye rajistar ikilisiya kusa da jerin zaure, a gwada suna da suna.

Sa'an nan a ƙirga masu fita kamar yadda ake ƙirga masu shiga. Tun 2022, idan mutum ya fita daga zaure, masu kula da shi kaɗai ake sanarwa, kuma ana iya ganin jerin waɗanda suka fita cikin kwana 60 da suka wuce. Idan mutum goma suka shiga a wata, takwas suka fita, ƙaruwar mutum biyu ce, kuma babbar tambayar tana wurin takwas ɗin nan. Tulun da ke yoyo, gyara yake bukata kafin ƙarin ruwa. A kira kowannensu cikin ladabi a ji dalili. Wani wayarsa ce ta cika da bidiyo, wani data ce ta gagara, wani kuma magana aka faɗa masa wadda ta ɓata masa rai.

Girma kuma yana da iyaka. A watan Nuwamba na 2022 WhatsApp ya ƙara yawan mutanen da zaure ɗaya zai ɗauka zuwa 1,024. Amma zuciyar mutum ba ta ɗaukar haka. A farkon shekarun 1990 wani masani ɗan Birtaniya, Robin Dunbar, ya ƙiyasta cewa mutum yakan iya riƙe dangantaka ta sanayya da wajen mutum 150 ne. Masana suna muhawara a kan ainihin adadin, amma kowane dattijon ikilisiya ya san cewa taron mutum goma sha biyu da na ɗari biyar ba a yin hira iri ɗaya a cikinsu. Don haka wani lokaci manufar da ta dace ita ce a raba: babban zaure ɗaya na sanarwa wanda shugabanni kaɗai suke rubutu a ciki, da ƙananan zauruka na unguwa-unguwa ko na ƙungiya, inda kowa ya san kowa.

Auna sa hannu

A 2006 wani masanin yadda mutane ke amfani da intanet, Jakob Nielsen, ya bayyana abin da ake yawan gani a manyan tarukan intanet: cikin mutum 100, wajen 90 karatu kawai suke yi, 9 sukan yi magana jifa-jifa, mutum 1 kuma shi ne yake yin yawancin maganar. Ya yi maganarsa ne a kan wuraren da baƙi suke haɗuwa. A ƙaramin zauren da mutane suka san juna ya kamata a sami fiye da haka. Duk da haka akwai darussa biyu a nan.

Na farko, shiru ba ya nufin mutum ba ya nan. Uwar da take sauraron karatun safe tana dama koko, ba ta taɓa rubuta kome ba, tana cikin zumunta sosai. Kada mu kafa manufar cewa kowa sai ya yi magana, kada kuma mu yi barazanar cire masu shiru.

Na biyu, mu ƙirga bakuna maimakon saƙonni. Saƙo 400 a mako daga mutum huɗu alama ce ta cewa mutum huɗu sun mamaye zauren. Saƙo 60 daga mutum 25 ya fi lafiya. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne: mutum nawa dabam-dabam suka ce wani abu a wannan wata? A cikinsu mata nawa, matasa nawa, sababbi nawa?

Akwai kuma ma'aunin amsa. Idan ɗan'uwa ya kawo roƙon addu'a ko labarin rasuwa, awa nawa ake yi kafin wani shugaba ya kira shi? Idan aka yi tambaya, ana amsa ta ko takan nutse a ƙarƙashin hotuna? Mutumin da ya yi magana sau ɗaya aka ƙyale shi, da wuya ya sake.

Haɗarin ma'auni

A 1902 Faransawan da ke mulkin birnin Hanoi a ƙasar Biyetnam sun so su rage ɓeraye, sai suka sa ɗan lada a kan kowace wutsiyar ɓera da aka kawo. Wutsiyoyi suka yi ta zuwa. Daga baya aka fara ganin ɓeraye marasa wutsiya suna yawo a gari, domin mutane suna yanke wutsiyar su saki ɓeran ya je ya hayayyafa. Har aka gano masu kiwon ɓeraye a bayan gari. Adadin da ke takarda ya hau, ɓeraye kuwa suna nan. A 1975 wani masanin tattalin arziki na Birtaniya, Charles Goodhart, ya bayyana irin wannan matsala, har ake kiranta da sunansa: da zarar an mayar da ma'auni abin da ake kora, yakan daina faɗin gaskiya.

Haka zai faru da mu idan ba mu kula ba. Idan aka ce wa shugaban matasa lallai zaure ya kai mutum 500, zai zuba lambobin mutanen da ba su nema ba, sai a sami taron tsintsiya ba shara. Idan aka ce a ƙara yawan amsa, sai zaure ya cika da saƙonnin "rubuta Amin ka tura wa mutum goma." Haka kuma adadin masu kallon bidiyo a Facebook yana iya ruɗinmu, domin ko mutum bai daɗe a kai ba akan lissafa shi cikin waɗanda suka kalla. Idan an rubuta mutum 2,000 sun kalli wa'azin minti arba'in, a duba tsawon lokacin da suka yi suna kallo kafin a kai rahoto gaban ikilisiya.

Maganin wannan shi ne kowane ma'aunin yawa a haɗa shi da ma'aunin inganci. Masu shiga a haɗa su da waɗanda suka zauna har wata uku. Yawan saƙo a haɗa shi da yawan bakuna. Masu kallo a haɗa su da waɗanda suka kira ko suka zo. Kada kuma a sa kyauta ko tsawatawa a kan adadi, domin daga nan ne ake fara gyara lissafi.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Bari mu ƙaddara wata zumuntar matasa, domin mu ga yadda lissafin yake tafiya. A ce rajistarsu tana da mutum 120. Bayan ƙidayar mako huɗu suka ga cewa 84 ne suke cikin zaure, wajen 42 suke buɗe saƙon nazarin Littafi Mai Tsarki na mako, mutum 12 ne suka yi magana a watan, mutum 2 kuma suna fita kowane wata.

Da farko kwamiti ya so ya ce zaure ya kai 100 cikin wata uku. Sai suka bi tambaya ta huɗu, ko zai yiwu. Mutum 36 ne suke waje. Suka raba sunayen ga mutum shida, kowa ya nemi shida. Aka tarar 14 ba su da babbar waya. Saura 22. Idan mutum 6 za su fita cikin wata uku kamar yadda aka saba, to sai an shigo da dukan 22 ɗin kafin a kai 100. Wannan ya yi tsauri. Sai suka rubuta manufofi huɗu kamar haka:

1. Zuwa ƙarshen wata na uku, zaure ya tashi daga 84 zuwa 94: a shigo da 14 da yardarsu, masu fita kuma kada su wuce 4. Mai nauyi: magatakarda.
2. Masu magana a wata su tashi daga 12 zuwa 20, aƙalla 8 daga cikinsu 'yan mata. Hanya: tambaya guda kowace Laraba, da saƙon murya na minti biyu wanda mutum dabam zai yi kowane mako. Mai nauyi: shugaban nazari.
3. Duk wanda ya yi mako huɗu bai buɗe saƙo ba, a kira shi ko a je gidansa cikin mako na biyar. Mai nauyi: mataimakiyar shugaba.
4. Kowane ɗaya cikin 14 ɗin da ba su da babbar waya a haɗa shi da aboki wanda zai kai masa saƙon mako, ta kira ko da baki. Mai nauyi: ma'aji.

Mu lura cewa biyu daga cikin manufofin nan huɗu a wajen waya ake cika su. Haka ya kamata, gama zumunta a ƙafa take. Mu kuma lura cewa huɗu ne kawai. Kwamitin da ya rubuta manufa goma sha biyar ba zai tuna ko biyar ba a wata na biyu.

Yanayin da muke ciki

Manufa mai yiwuwa tana la'akari da aljihun mutane. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Bidiyo ɗaya mai tsawo yana iya cinye datar da gwauruwa ta saya don mako guda. Rubutu da gajeren saƙon murya sun fi sauƙi, saƙon murya kuma yana kai wa ga wanda karatu yake yi wa wuya. Idan adadin masu buɗe saƙo ya faɗi, a fara duba nauyin abin da ake turawa kafin a ce mutane sun yi sanyi.

Lokaci ma yana da nasa. A ikilisiyar manoma, adadi zai sauka a tsakiyar damina da lokacin girbi. A ta ɗalibai zai sauka lokacin jarrabawa. Ga rashin wutar caji, ga rashin sabis. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma yi haka a waɗansu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Ikilisiyar da duk hanyar sadarwarta waya ce, a irin wannan rana sai ta rasa bakin magana. Don haka a riƙe jerin sunaye a takarda, da sanin gidan kowa.

Harshe kuma abin dubawa ne. Idan ana sujada da Hausa amma zaure ya koma Turanci, an rufe wa iyayenmu ƙofa ba tare da an faɗa ba. Ana iya kafa manufa a kan wannan ma: kowace sanarwa ta fito da Hausa, a rubuce da kuma a murya.

Tsare mutunci da lafiyar jama'a

Ƙidaya tana tara bayanan mutane, kuma amana ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta sa addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanan da ke bukatar kulawa ta musamman, ta kuma nemi yardar iyaye a kan bayanan yara. Ko ba don doka ba, mun san yanayin da muke zaune a ciki. Duk wanda aka sa a zaure, kowa yana ganin lambarsa. Akwai masu bi waɗanda bayyanar sunansu a zauren ikilisiya za ta jawo musu wahala a gida. Saboda haka kada a sa kowa sai an tambaye shi. Kada a yaɗa mahaɗin shiga zaure a bainar jama'a don neman adadi. Kada a rubuta ranar tafiyar fasto ko hanyar da zumuntar mata za ta bi zuwa taro a babban zaure. A rahoto kuma a kawo adadi kawai. Sunayen waɗanda suka yi shiru su tsaya a hannun mai ziyara.

Jita-jita ma tana cikin abin da za mu auna. WhatsApp da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda tun Janairu 2019, a Afrilu 2020 kuma ya mayar da saƙon da aka riga aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya, duk domin rage yaɗuwar ƙarya. A wurarenmu, labarin hari da ba a tabbatar ba, ko tsohon hoto da aka ce na jiya ne, yana iya tayar da unguwa. Mai kula da zaure yana da ikon goge saƙon kowa. Manufa mai kyau ita ce: duk labarin tashin hankali da ba a tabbatar ba a cire shi cikin awa ɗaya, a yi wa wanda ya turo bayani a keɓe, a kuma rubuta sau nawa hakan ya faru a wata, domin a ga ko yana raguwa.

Ranar dubawa

A sa minti goma sha biyar a taron kwamiti na kowane wata domin karanta adadin. Tambayoyi uku sun isa: Me ya hau? Me ya sauka? Me za mu canja kafin wata mai zuwa? A canja abu ɗaya a lokaci guda. Idan aka sauya lokacin tura saƙo, da tsawonsa, da mai tura shi, duk a mako ɗaya, ba za a san wanne ne ya yi aiki ba. Idan ana so a ji ra'ayin jama'a, akwai hanyar ƙuri'a a cikin WhatsApp tun 2022, amma a tuna cewa masu shiru da marasa waya ba za su jefa ba, sai an tambaye su da baki.

Idan wa'adi ya cika ba a kai ga manufa ba, a bincika dalili ba tare da neman mai laifi ba. Wataƙila adadin ya yi yawa, wataƙila hanyar ce ba ta dace ba, wataƙila mai nauyin aikin yana bukatar mataimaki. Matasan misalinmu idan suka kai 90 maimakon 94, sun ƙaru da mutum shida, sun kuma san dalilin kowane mai fita. A bara ba su san ko ɗaya ba. Idan kuwa an kai, a gode wa waɗanda suka yi aikin da sunayensu, a kafa ta gaba.

A ƙarshe, mu san iyakar mudunmu. Yana auna wanda ya buɗe saƙo, amma ba ya auna ta'aziyyar da saƙon ya kawo. Yana ƙirga ziyara, amma ba ya ƙirga ƙauna. Wannan sashe na Ubangiji ne, shi ne yake sa girma. Namu shi ne mu tabbata ba wanda ya ɓace a hannunmu saboda ba mu duba ba.

Tambayoyi don tattaunawa a kwamiti

1. Mutum nawa ne a rajistarmu, nawa ne kuma a zaurenmu? Su wane ne ba sa ciki, don me?
2. Mutum nawa dabam-dabam suka yi magana a watan da ya wuce?
3. Wane ne ya fita cikin kwana 60 da suka wuce, wa ya kira shi?
4. Waɗanne manufofi uku za mu rubuta na wata uku masu zuwa, sunan wa za mu sa a gaban kowace?

Ubangiji ya ba mu hikima da aminci cikin kiwon jama'arsa. Amin.